Ya yi kwana biyu lafiya, sai jini ya ɓalle: amsa kan saran kububuwa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Akko. A kakar bara maciji ya sari ƙanena a idon sawu muna cirar gyaɗa. Muka ɗaure ƙafar da roba, muka kai shi wajen mai magani, ya tsaga wurin, ya manna baƙin dutse, ya ba shi jiƙo ya sha ya yi amai. Kwana biyu yana cin tuwo yana hira, ƙafar ce kawai ta kumbura. A rana ta uku jini ya fara fita ta dasashinsa da wurin tsagar, fitsarinsa ya koma ja. Sai a sannan muka kai shi Kaltungo. Da aka sa masa maganin jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi borin jini, har manya suka ce ai dama an faɗa, allura ba ta haɗuwa da dafi. Alhamdu lillahi ya tashi, bayan an ƙara masa jini leda biyu. Me ya sa ya warke sannan ciwon ya dawo? Allurar ce ta so ta kashe shi? Kuma mai maganin nan mun sha ganin waɗanda ya warkar da idonmu, shin ƙarya ce? In ya sake faruwa me za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, ya kiyaye gaba. Malam, akwai abu ɗaya da zan fara gyarawa a tambayarka, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ƙanenka bai warke ba a kwana biyun nan. Yana cin tuwo, yana hira, amma da an ɗebi jininsa tun a daren farko an ajiye a kwalba, da kun ga ya ƙi daskarewa. Ciwon bai tafi ba balle ya dawo. Yana nan yana aiki a inda ido ba ya gani.

Ban ga macijin ba, amma gonar gyaɗa, lokacin kaka, sara a idon sawu, kumburi, sannan jini ta dasashi, wannan aikin kububuwa ne, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙaramar aba ce, da kyar take wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori. Launinta na busasshiyar ƙasa ne da ɗigo-ɗigon fari a gadon baya, in ta kwanta a ƙarƙashin harawa ko tarin karmami sai ka taka ta ba ka gan ta ba. In aka takura ta takan naɗe ta riƙa goga jikinta da jikinta, ka ji wani ƙaras-ƙaras, daga nan sai sara. Duwatsun Kaltungo da Tula da Billiri da Shongom da Balanga gidanta ne, haka yankin Alkaleri a jihar Bauchi, haka kwarin Binuwai ta Taraba da Adamawa. Mafi yawan waɗanda ake kwantarwa a asibitin saran maciji na Kaltungo ita ce ta sare su, kuma gadajen sun fi cika sau biyu a shekara: farkon damina lokacin sharar gona da shuka, da kuma kaka lokacin girbi.

Ga abin da dafinta ke yi. A cikin jinin kowane mutum akwai wasu sinadarai da hanta ke sarrafawa, aikinsu shi ne toshe kafa in an ji rauni. Su ne ke sa in ka yanke da lauje jinin ya tsaya da kansa bayan ɗan lokaci. Dafin kububuwa yana tayar da waɗannan sinadarai gaba ɗaya, a ko'ina cikin jiki, alhali babu raunin da za su toshe. Sai su yi ta ƙulla ƙananan gudaji, jiki yana narkar da su, suna ƙullawa yana narkarwa, har su ƙare ƙaf. Hanta na ƙoƙarin yin sababbi, amma dafin da ke ci gaba da tsattsafowa daga wurin saran yana cinye su tun kafin su taru. Kamar a buɗe rumbu ne a dafa hatsin shekara a rana ɗaya: gida na nan, mutane na raha, na waje ba zai gane komai ba sai ranar da aka nemi abin ɗorawa a wuta aka tarar wayam.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma dafin yana da wani ɓangare na biyu da ke cin bangon ƙananan jijiyoyin jini, ya sa su yoyo. To ka haɗa biyun: jijiya na yoyo, jini kuma ba shi da abin toshewa. Abin da ya rage shi ne ta ina zai fara ɓulla. Ƙanenka ya yi sa'a nasa ya fito ta inda kuka gani, dasashi da tsaga da fitsari. Wani ta hanci ne, wani ta tsohon miki da ya daɗe da warkewa, wani ya yi aman jini ko baƙin bayan gida. Wanda muka fi tsoro shi ne wanda nasa ya zuba a cikin ciki ko cikin ƙoƙon kai. Mutum ya yi kwana huɗu ko biyar kowa na cewa ya tsallake, sai ya tashi da matsanancin ciwon kai, wuya ya sandare, magana ta rikice, ɓarin jiki ya saki, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. A ƙauye sai a ce ai wani ne ya shiga ɗakin da bai kamata ya shiga ba, ko an yi masa baki. Jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa. In ba a ba da magani ba, jinin na iya zama a tsinke sati ɗaya ko fiye, kuma duk tsawon wannan lokacin ko faɗuwa ya yi a banɗaki tana iya zama ajali. Mai juna biyu kuwa nata ya ninka, domin mahaifa wuri ne da jini ke jiran hanya: ɓari, zubar jini, a rasa ɗa, wani lokaci har uwar.

A lissafin da aka daɗe da shi, cikin mutum 100 da kububuwa ta zuba wa dafi ba su samu makari ba, wato maganin dafi na asibiti, 10 zuwa 20 kan mutu. Da makari mai kyau a kan lokaci, adadin kan sauko ƙasa da 2. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, za mu koma kansu.

To ta yaya muke sanin jini ya tsinke tun kafin ya ɓalle? Gwajin bai da tsada ko kaɗan. Ma'aikacin lafiya zai zuƙi jini kamar rabin ƙaramin cokali daga jijiya, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ya jingine ta a kan tebur, ya duba agogo. Ba a girgizawa, ba a taɓawa. In minti 20 suka cika sai ya karkata kwalbar a hankali. In jinin ya zama guda ya maƙale, to a wannan lokacin da sauran ƙarfinsa. In ya gangaro kamar ruwa, magana ta ƙare, dafi ya shiga jini, makari za a sa ko da majinyacin na zaune yana dariya. Dole gilashi ne, domin gilashin ne ke tayar da daskarewar. A robar sirinji ko kwalbar da aka wanke da omo, jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa ya ruɗi mutum. Wannan gwaji ya samo tushe ne daga aikin da Farfesa David Warrell da abokan aikinsa suka yi a arewacin Najeriya cikin shekarun 1970, lokacin yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yau kuma ana amfani da shi a ƙasashe da dama. In jinin ya daskare a gwajin farko ba ma sallamar mutum. Ana maimaitawa bayan 'yan sa'o'i, a riƙe shi aƙalla kwana ɗaya cur, domin dafin kan ɗauki lokaci kafin ya gama cinye abin da zai cinye. Dangi kan ji haushin wannan, su ce ga mutum garau an hana shi tafiya ga aiki na jira a gona. Garau ɗin nan ne ya kusa raba ku da ƙanenka.

Yanzu maganar allura. Ba zan ce manya sun ƙirƙiro ta daga iska ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutumin da jininsa ba ya daskarewa, in aka kai shi kemis aka soka masa allura a ɗuwawu, wurin kan tara jini ya kumbura suntum, ya yi asarar jini mai yawa a cikin tsoka. In kuma allurar ta kashe zafi ce irin dikilofenak, ta ƙara tsinka jinin ta kuma taɓa ƙoda. Irin wannan allura mu ma muna hanawa. Haka asfirin da ibufurofen da duk haɗe-haɗen maganin gajiya da ake sayarwa a kan tebur ranar kasuwa. Farasitamol kaɗai za a iya ba shi kafin a isa asibiti.

Makarin dafi kuwa wani abu ne daban, ta jijiya ake sa shi, a hankali, galibi cikin ƙarin ruwa. Yadda ake yinsa shi ne a tatso dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan na tsawon watanni, har jinin dabbar ya ƙera garkuwar da ke kama dafin ta ɗaure shi. Sai a ɗebi jinin, a tace garkuwar, a zuba a kwalba. Tunda daga jikin dabba ta fito, jikin wasu mutane kan ɗauke ta baƙuwa ya yi bore: ƙaiƙayi, borin jini, tari, amai, zazzaɓi da rawar sanyi, a wasu 'yan kaɗan har numfashi ya sarƙe jini ya faɗi. Abin da ya samu ƙanenka ke nan, kuma sananne ne. A wani gwaji da aka yi a Kaltungo kan majinyata 400, aka wallafa a 2010, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ya yi irin wannan bore. Shi ya sa ba a sa makari sai da allurar adirenalin a zuƙe a gefe, da ma'aikaci a tsaye a kan majinyacin. Da an ga alama sai a tsayar da ruwan, a yi masa adirenalin a cinya, jiki ya lafa, a ci gaba a hankali. Ba a fasawa, domin boren minti kaɗan ne kuma muna da maganinsa a hannu, dafin kuwa ba shi da wani magani sai wannan. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na goyon bayan a sayo makari a yi wa mutum a gida, komai ƙwarewar mai allurar unguwa.

In makarin ya dace, aikinsa abin mamaki ne. Dasashin da ya kwana yana tsiyaya, cikin kamar rabin sa'a sai ka ga ya tsaya. Hanta kuma na buƙatar kimanin sa'a shida kafin ta mayar da abin da aka cinye, don haka bayan sa'a shida ake sake gwajin kwalba. In har yanzu jinin ruwa ne, a ƙara wani. Wani lokaci jinin kan gyaru sannan ya sake tsinkewa bayan kwana ɗaya ko biyu, saboda ragowar dafi na ci gaba da fitowa daga ƙafar, shi ma a ƙara. Yaro da babba adadin makarinsu ɗaya ne, wannan kan ba iyaye mamaki. Ai maciji bai rage dafin ba don ya ga yaro ne, ƙaramin jiki ma ya fi jigata da shi. Kuma ba a cewa an makara: muddin jini bai daskarewa, ko bayan sati ne makari na da amfani. Sai dai akwai abin da ba ya iyawa. Ba ya dawo da jinin da ya riga ya zuba, shi ya sa aka nemi leda biyun nan. Ba ya rayar da naman da ya mutu. Ƙarin jini kuma shi kaɗai, ba makari, ƙara wa dafin abinci ne kawai.

Akwai wani tarko da nake so ka sani, domin ya ci mutane da yawa da suka yi komai daidai. Ba kowace kwalba da aka rubuta wa maganin maciji ce ke aiki a kan kububuwarmu ba. Makari na bin irin macijin da aka yi shi da dafinsa. Akwai waɗanda aka yi da dafin macizan Indiya, har da wata 'yar'uwar kububuwa ta can, amma a kan tamu ƙarfinsu kaɗan ne. A wani asibitin karkara a Gana, da aka canja daga makari mai kyau zuwa irin wannan, mace-macen suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kashi 12. Waɗanda aka yi musamman don macizanmu, aka kuma gwada su a Kaltungo, su ne EchiTAb-G, wanda aka yi a Birtaniya da jinin tumaki don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus-ICP, wanda cibiyar Clodomiro Picado ta ƙasar Kosta Rika ke yi da jinin dawaki, ya haɗa kububuwa da kasa da kumurci mai tofi. Macizan da aka tatsa daga Najeriya aka kwashe su zuwa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. A gwajin 2010 ɗin nan, kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka ba kwalba uku ta EchiTAb-Plus jininsu ya gyaru daga zubin farko, na kwalba ɗaya ta EchiTAb-G kuwa kusan kashi 76. Akwai wasu nagari ban da waɗannan, amma in an ce ku sayo a waje, ku sa likita ya rubuta suna, ku duba ko an ambaci Echis ocellatus, sunan kububuwa a kimiyance, a jikin kwalin, ku duba ranar lalacewa, in na ruwa ne ku tabbata daga firij aka ɗauko shi. Arha a nan ba ta da amfani.

Ƙarancin makari kuwa tsohon ciwo ne. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin Fav-Afrique, wanda Afirka ta daɗe tana dogaro da shi, na ƙarshensa ya lalace a 2016. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a duniya, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. A ganina, ƙasar da ke ba da macizan da ake tatsa bai kamata har yau tana jiran jirgi ya kawo mata kwalba ba. Amma wannan magana ce ta masu mulki, kai abin da ke hannunka shi ne lokaci.

Sai mai magani. Ba na ce maka idonka ya yi ƙarya ba, kun ga mutane sun shiga wurinsa sun fito da ƙafarsu. Abin tambaya shi ne me ya tashe su. Macizai da yawa a gonakinmu ba su da dafin da ke kisa. Masu dafin ma wani lokaci sukan sara ba su zuba komai ba, ko su zuba kaɗan, ko da yake kububuwa ba ta cika sara a banza ba. Sannan ka tuna alƙaluman can: ko kububuwar ce, cikin goma takwas ko tara za su rayu ko an ba su jiƙo ko ba a ba su ba. To duk wanda ya zauna yana karɓar waɗanda maciji ya sara, zai tara shaidu masu yawa, kuma da gaske yake ya yarda da maganinsa. Ɗaya ko biyun da jini ya ɓalle musu, su ne ake ɗorawa a babur a nufi asibiti a kwana na uku, in sun cika a can sai a ce asibiti ne ko allura. Nasara tasa, gawa tamu. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokin aikinsa sun bi bayanan sama da mutum 6,000 da aka kwantar a Kaltungo tsakanin 2007 da 2009. Waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba, kuma abin da ya fito fili shi ne kowace sa'a ta jinkiri tana ƙara haɗarin mutuwa.

Abubuwan da aka yi wa ƙanenka kuwa, babu wanda ya rage dafin. Baƙin dutse ƙonannen ƙashi ne mai tsotsar danshi, yana mannewa a kan kowane jiƙaƙƙen rauni ya faɗi in ya jiƙe, dafin kuwa tuni ya yi zurfi cikin nama. Tsaga ita ce mafi muni a saran kububuwa, ƙofa ce aka buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba, ga ƙwayoyin cuta da tetanas da aska ke shigarwa. Haka ƙaho da tsotsa da baki. Ɗaurin roba yana kashe ƙafa: in jini ya daina zuwa na 'yan sa'o'i nama ya fara mutuwa, kuma da yawa daga ƙafafu da hannayen da ake yankewa ɗaurin ne ya ci su, ba macijin ba. Jiƙon amai yana ƙarar da ruwan jiki, yunƙurin aman yana iya fasa jijiya a maƙogwaro ko ciki, ga shi dafin ba a tumbi yake ba balle a amayo shi. Gaskiya ne masana sun gwada tsirrai irin su sabara da gwandar daji a ɗakin bincike sun ga alamun wani abu, amma babu wanda aka tabbatar yana mayar da daskarewar jinin mutum. Addu'a da tofi ba su hana komai, a yi su a kan hanya. Ni mai maganin da nake girmamawa shi ne wanda da ya ga sara zai ce ku wuce asibiti, kuma akwai irinsu.

Ba kububuwa kaɗai gare mu ba, don haka ka san sauran a taƙaice. Kasa, mai kauri da faffaɗan kai, tana kumbura ƙafa har cinya, da bororo, jini ya faɗi, nama ya ruɓe. Kumurci mai tofi shi ne mai shiga ɗaki da dare neman ɓera da kaji, ya sari mai barci a tabarma, sau da yawa yara, a hannu ko fuska. Bai cika tsinka jini ba, fata yake kashewa, bayan kwanaki ta yi baƙi ta zagwanye, a bar mutum da gyambon da sai an yi masa dashen fata. In ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta kwarara na tsawon lokaci, kada a murza, kada a matsa ganye, sannan a je a duba idon ko ya ƙuje. Akwai kuma wasu dangin gamsheƙa da ba sa tofi, nasu dafin jijiyoyin motsi yake kashewa. Alamar farko fatar ido ta yi nauyi ta rufe kamar mai jin barci, sai gani biyu-biyu, yawu ya riƙa dalala, haɗiya ta gagara, sai numfashi. Wannan ba ya ba da kwanaki, sa'o'i ne. In aka samu masu taya shi numfashi da jakar iska ko na'ura har dafin ya sake shi, yakan tashi sumul.

In ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, ku janye mutumin daga wurin, ku kwantar masa da hankali, ya zauna ko ya kwanta. Kada ya yi gudu, kada ya taka zuwa gida in da masu ɗaukarsa, domin motsin tsoka ne ke tura dafi. Ku cire zobe da agogo da awarwaro da kambu da takalmi kafin kumburi ya kama su. Ku sa sanda ko kara a gefen ƙafar ku naɗe da zani sako-sako yadda ake wa karaya, don kada ta riƙa lanƙwasa, ba don a tare jini ba. Yatsa ya iya shiga ƙarƙashin naɗin. In babur ne, a sa shi a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai ko ya galabaita, a kwantar da shi ta gefe. Ku lura da lokacin da abin ya faru, za a tambaye ku. Kada a tsaya farautar macijin, mun sha karɓar mutum biyu daga maciji ɗaya. Hoto da waya daga nesa ya isa, in babu ma gwajin kwalba zai faɗa mana abin da muke nema. In an riga an kashe shi, a ɗauko da sanda a cikin buhu, domin ko yankakken kai yana iya sara. In kuma wani ya riga ya yi ɗauri mai tsanani ya daɗe, ku bari ma'aikata su kwance a asibiti inda magani ke kusa, ku dai hanzarta.

Ku kuna da gata, titin Gombe zuwa Yola ya bi ta Kumo da Billiri ya kai ku Kaltungo. Mutane na zuwa can daga Bauchi da Taraba da Adamawa da Borno, ku da ke kusa bai kamata ku kwana ba. In kun tsaya a wani asibiti a hanya, tambaya biyu za ku yi a bakin ƙofa: kuna da makarin kububuwa, kuma kuna gwajin minti 20? In babu, ku wuce, kada a riƙe ku da ƙarin ruwa. Tun kafin kaka ku san ɗan acaɓan da za a kira da tsakar dare, ku ware ɗan abin da za a sa mai a biya magani, domin yawancin jinkirin da nake gani ba na rashin sani ba ne kaɗai, na neman rance ne.

Takalmin roba mai tsawo lokacin shara da girbi yana tare mafi yawan sara, tunda a ƙasan gwiwa aka fi samunsa. A ɗaga harawa da dami da sanda kafin a sa hannu, a riƙe tocila da dare, a kwana a kan gado cikin gidan sauro a cusa bakinsa, a nisanta rumbu da akurkin kaji da tarin itace daga ɗakin kwana, a hana yara zura hannu a ramin gafiya.

Shi kuma ƙanenka, a duba yawan jininsa in har yanzu yana jin jiri ko saurin gajiya, a tabbata an yi masa allurar tetanas. In wurin tsagar ko saran ya zama gyambon da ya ƙi rufewa, kada a yi ta barbaɗa masa gari, a kai shi likitan fiɗa ya gani, domin tsohon gyambo na shekaru yana iya rikiɗa ya zama daji. In ka ga yana tsoron shiga gona, ko yana firgita cikin barci, ba ragwanci ba ne, yakan biyo bayan irin wannan, a yi masa haƙuri a kuma faɗa wa likita in ya daɗe. Kada kuma wani ya ce masa tunda an taɓa saransa jikinsa ya saba. Sara na biyu daidai yake da na farko. In hakan ta faru, ku gaya wa ma'aikata tun a bakin ƙofa cewa ya taɓa yin borin jini da makari. Ba za a hana shi ba, za a dai shirya adirenalin tun kafin a fara, a kuma sa masa ruwan a hankali fiye da na kowa.